Leƙen Babban Hanji da Tsiron da ke Kuɓuce wa Idon Likita



Maganar da zan yi yau ta shafi wani bincike da likitoci ke yi wa babban hanji domin su tare ciwon daji tun bai kafu ba. Sunan binciken a bakin likitoci kolonoskofi, ni kuwa zan riƙa kiransa leƙen hanji, gama abin da ake yi ke nan. Ana zura wata mesa mai taushi ta dubura, kaurinta kamar na ɗan yatsa, a bakinta akwai fitila da kyamara, a yi ta tura ta har ƙuryar hanjin, likita yana kallon abin da ke ciki a kan allo irin na talabijin. Abin da yake nema shi ne wani ɗan tsiro da kan fito a bangon hanjin daga ciki. Tambayar da na zo da ita kuwa guda ɗaya ce: in an leƙa hanjin mutum aka ce da shi, "Tashi abinka, ba ka da kome," shin babu kome ɗin ne, ko kuwa ba a dai gani ba? Kada a ɗauki tambayar da wasa, domin wanda aka gaya wa haka, bisa ga ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa, ba a sake nemansa sai bayan shekara 10.

Daga tsiro zuwa daji

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 kaɗai mutum fiye da miliyan 1.9 aka samu da ciwon dajin babban hanji, fiye da 930,000 kuma suka mutu ta dalilinsa. A cikin ire-iren ciwon daji shi ne na uku wajen yawa, wajen kisa kuwa daga na huhu sai shi. Sai dai yana da wani hali da ke ba likita dama: ba ya faɗowa rana ɗaya. Galibinsa daga ɗan tsiron nan yake somawa, tsiron da ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, mai shi yana harkokinsa bai san da zamansa ba. Wani tsiron bai wuce ƙwayar gero ba, wani kamar wake, wani ya kai goro. Wani yana da wuya da kai kamar lemar kwaɗi, wani kuwa a shimfiɗe yake. Ba kowanne ne ke rikiɗa ba, mafi yawa ma har mai su ya tsufa ba su yin kome. Amma akwai wani iri da likitoci ke kira adinoma, wanda daga cikinsa ne akasarin ciwon ke fitowa, rikiɗar kuwa takan ci shekara 10 ko fiye. Basil Morson da abokan aikinsa na asibitin St Mark's a Landan suka fayyace wannan hanya a 1975, bayan sun daɗe suna nazarin hanjin da aka yanko daga marasa lafiya.

A 1969, a asibitin Beth Israel na birnin New York, William Wolff da wani likita ɗan Japan mai suna Hiromi Shinya suna cikin waɗanda suka fara bin babban hanji da mesa har ƙarshensa. Shinya kuma ya ƙirƙiro wani zarge na siririyar waya da ake zurawa ta cikin mesar, a zarge wuyan tsiron, a sakar masa lantarki ya yanke shi. Kafin wannan, in za a cire tsiron da ke can ciki sai an farke cikin mutum. Daga nan sai ya zama ana ganin cuta a kuma raba mutum da ita a zama ɗaya. Amfanin haka ya fito fili a wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, inda aka bi diddigin mutum 2,602 da aka cire wa tsiron adinoma har kusan shekara 16. Mace-macen da ciwon ya yi a cikinsu ya gaza abin da akan gani a sauran jama'a da kashi 53 cikin 100.

Abin da ke kuɓucewa

To, amma ba a yanke abin da ba a gani ba. A 1997 Douglas Rex na Jami'ar Indiana ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ya samu mutum 183 suka yarda a leƙa hanjinsu sau biyu a rana ɗaya, ana cire duk abin da aka gani a leƙen farko. Duk tsiron da aka tarar a na biyu, ke nan na farko ya tsallake shi. Da aka yi lissafi sai aka ga kashi 24 cikin 100 na tsiron adinoma sun kuɓuce wa leƙen farko, alhali ƙwararru ne suka yi aikin. Ƙanana, waɗanda ba su wuce milimita 5 ba, su suka fi kuɓucewa, kashi 27. Manya kuwa, masu santimita 1 ko fiye, kashi 6. Mai sauraro yana iya cewa ai wannan tsohon labari ne, na'urorin wancan lokaci ba su kai na yanzu ba. Haka ne. Amma a 2019 an tattara gwaje-gwaje irin wannan daga ƙasashe dabam-dabam, sun haura 15,000, lissafin ya ba da kashi 26. Watau dai cikin kowane tsiro huɗu, ɗaya yana tsira.

Dalili na farko shi ne ƙirar hanjin kansa. Tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne kamar bututu. Yana tasowa daga ƙasan ciki ta dama, ya hau har gindin hanta, ya yi kwana ya ƙetare zuwa wajen saifa, ya sake yin kwana ya gangara ta hagu, ya lanƙwasa kafin ya isa dubura. Cikinsa kuma duk ninki ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar kunyoyin gona. Wanda ya tsaya a bakin gona ya hange ta a gicciye, gefen kunyoyin da ke fuskantarsa kaɗai zai gani. Abin da ya faɗa bayan kunya sai ya taka ya je ya leƙa. Kyamarar mesar ma gabanta kawai take kallo. Ga shi kuma hanjin ba ya tsayawa cik, yana matsewa yana saki.

Saboda haka kuɓucewar iri biyu ce, ina kuma roƙon a riƙe wannan bambanci, domin sauran maganata a kansa ta rataya. Akwai tsiron da bai taɓa bayyana a allo ba, don yana bayan ninki, ko a kwana, ko ƙazanta ta lulluɓe shi, ko kuwa mesar ba ta isa inda yake ba. Akwai kuma wanda ya bayyana sarai, amma ido ya wuce shi bai gane shi ba.

Likita da likita ba ɗaya ba ne

Wajen shiga, hankalin likita yana ga tuƙi, yadda zai bi kwana-kwanan nan ba tare da ya wahalar da mutum ba. Ainihin duban wajen fitowa ake yinsa, sa'ad da ake janyo mesar sannu a hankali daga ƙurya zuwa waje. A 2006 Robert Barclay ya buga abin da ya samu da aka riƙe wa likitoci 12 agogo a garin Rockford na jihar Illinois, dukkansu ƙwararru ne kuma wuri ɗaya suke aiki. Wani yakan fito cikin minti 3 da 'yan daƙiƙai, wani sai ya kusa minti 17. Waɗanda ke yin minti 6 ko fiye sun samu tsiro a jikin kashi 28.3 cikin 100 na mutanen da suka leƙa, masu gaggawar kuwa kashi 11.8. Mutanen gari ɗaya, na'ura iri ɗaya, amma wanda ya faɗa hannun mai sauri an fi barinsa da abinsa ya koma gida.

Daga wannan bincike ne ƙa'idar minti 6 ta bazu. Sai dai kada ma'aikatan da ke nan, waɗanda suka saba da kafa doka da takarda, su zaci an gama ke nan. A wani babban asibiti a birnin Boston an kafa dokar minti 7, likitoci kusan duka suka bi ta, amma rahoton da aka buga a 2008 ya nuna yawan tsiron da ake gani bai ƙaru ba. Abin ba mamaki. Mutum yana iya fyallowa ta wurare masu wuya, sa'an nan ya zo kusa da ƙofa ya yi ta jan ƙafa har agogo ya cika. Daɗewa alama ce kawai ta mai aiki da natsuwa. Abin da mai natsuwar yake yi da mintocin shi ne ya wanke bangon hanji da ruwa, ya zuƙe duk abin da ya kwanta, ya hura iska daidai yadda ninkin zai buɗe, ya karkata bakin mesar ya leƙa bayan kowane ninki, in hanji ya suɓuce masa a kwana ya koma ya sake bi. Wasu sukan juya mutumin, gefen hagu ko rigingine ko gefen dama, domin sashen da ake dubawa ya kasance a sama, iska ta buɗa shi, ruwa ya gangara ya ba da wuri. Wasu kuma sukan duba sashen dama sau biyu kafin su wuce. Hatta ma'aikaciyar jinya da ke tsaye kusa, in an ba ta izini ta sa ido a allon ta yi magana in ta ga wani abu, an gwada an ga ana ƙara samun tsiro. Duk waɗannan babu wanda ke cin kuɗi.

Tun da agogo bai isa ba, da me za a auna likita? Abin da aka tsaya a kai shi ne wani lissafi da zan kira ma'aunin gani, watau cikin kowane mutum 100 da likita ya leƙa, mutum nawa ya samu da tsiron adinoma, ko da guda ɗaya ne. Hikimar ita ce, tsiron yana da yawa a jikin waɗanda suka manyanta, saboda haka likitan da kullum yake cewa bai ga kome ba, sai a tuhumi idonsa kafin a yaba lafiyar mutanensa. A ƙasar Foland, a 2010, Michal Kaminski ya duba aikin likitoci 186 a kan mutum 45,026, ya nemi waɗanda daji ya ɓullo musu bayan an leƙa an sallame su, kafin lokacin komawarsu ya yi. Ya tarar mutanen da likitansu bai kai kashi 20 a ma'aunin ba, haɗarin ya ninka musu wajen sau 10. A 2014 kuma Douglas Corley ya buga nazarin leƙe 314,872 da likitoci 136 suka yi a arewacin Kalifoniya. Na ƙarshensu ma'auninsa kashi 7.4 ne, na gabansu 52.5. Duk ƙarin kashi 1 a ma'aunin likita yana tafe da raguwar kashi 3 cikin 100 na haɗarin irin wannan daji ga mutanensa, da raguwar kashi 5 na haɗarin mutuwa da shi. A ganina babu lissafin da ya kai wannan nauyi a cikin batun duka, domin ya nuna cewa ƙaramin tsiron da ake rainawa shi ne shaidar an duba ko ba a duba ba. Wanda ke ganin mai girman gero da wuya mai girman goro ya wuce shi.

Ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka sun sa mafi ƙarancin ma'aunin a kashi 25 a shekarar 2015. A 2024 suka ɗaga shi zuwa 35, watau 40 ga maza, 30 ga mata, suka kuma mai da lokacin fitowa minti 8. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ma'aunin ba halitta ba ne, yana gyaruwa. A Foland ɗin dai, da aka riƙa aika wa kowane likita lissafinsa duk shekara, aka kuma horar da shugabannin cibiyoyi yadda za su koyar da na ƙasa da su, mafi yawan likitocin sun ƙara, dajin da ke ɓullowa bayan sallama kuma ya ragu ga mutanen waɗanda suka ƙara ɗin.

Rabon mara lafiya a cikin aikin

Kome gwanintar likita, ba ya gani ta cikin ƙazanta. Wankin ciki kafin leƙe shi ne abin da mutane suka fi ƙi, shi ne kuma suka fi yi wa ha'inci. Maganin ruwa ne da ake sha da yawa, irin na da yakan kai lita 4, na yanzu akwai mai lita 2 har da mai lita 1 wanda ake bi da ruwa. Da can akan ce mutum ya shanye shi duka daren jajiberi. Daga bisani aka gane cewa ko an wanke hanjin tas da dare, kafin gari ya waye ƙaramin hanji ya sake zubo majina da ruwan ɗaci, su bi su shafe sashen dama. Saboda haka yanzu raba shi biyu ake yi, rabi da dare, rabi awa 4 zuwa 6 kafin aikin, a gama sha aƙalla awa 2 kafin a shiga. Wannan ɗan sauyi, wanda bai ƙara ko kwabo ba, yana cikin abubuwan da suka fi kyautata gani. Alamar wanki ya yi kuwa ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya, kamar fitsari.

A nan ne harshe ya shigo cikin maganar. Takardar umarnin da akan miƙa wa mara lafiya galibi da Turanci take, abincin da ta lissafa kuma na Turawa ne. Mutuminmu yana bukatar a gaya masa da harshensa cewa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ya bar zogale da rama da wake da riɗi da gwaiba da kankana, da duk wani abu mai ƙwaya ko dusa; cewa in yana shan ƙwayoyin ƙarin jini ya faɗa tun da wuri, domin sukan baƙanta hanji; cewa rabin safe ɗin nan ba na zaɓi ba ne. Wanda zai taso daga nisa a motar haya ba zai sha maganin zawo da asuba ba, ko da ya ce ya sha, kuma ba a ga laifinsa ba. Gyaran wannan yana hannun mai rubuta ranakun zuwa: ko a ce mutumin ya kwana a gari, ko a sa shi da rana. Likita kuma wajibi ne ya rubuta yadda ya tarar da hanjin. Akwai ma'aunin da aka fitar a Boston a 2009, wanda ya kasa hanjin uku, kowane kashi a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Kashin da bai kai maki 2 ba, ba a ce an duba shi ba.

Tsiron da bai yi kama da tsiro ba

Yanzu mu koma ga kuɓucewa ta biyu, wadda ta shafi ido. Shekaru da yawa likitocin Turai da Amurka tsiro mai wuya da kai suke nema, shi suka sani. Likitocin Japan kuwa, musamman Shin-ei Kudo, suna ta ba da labarin wani iri shimfiɗaɗɗe, wani ma a loɓe, wanda ba ya nuna kansa sai da ɗan ja-ja, ko wurin da zanen jijiyoyin jini ya yanke. Aka yi ta cewa wannan ciwon mutanen Japan ne. Sai a shekarar 2000 likitocin birnin Leeds a Ingila, da taimakon takwarorinsu na Japan, suka leƙa mutum 1,000 da irin dabarun can, suka tarar kashi 36 cikin 100 na tsiron adinoma da suka samu shimfiɗaɗɗu ne. Ashe abin yana nan tun da can, ana wuce shi ne kawai domin ba a koya wa ido shi ba.

Akwai kuma wani dangin tsiro dabam, wanda in an duba shi a madubin ɗakin gwaji gefensa kamar haƙoran zarto. Ya fi zama a sashen dama, launinsa kusan ɗaya da na bangon hanji, gefensa ba shi da iyaka sosai, sau da yawa kuma majina ce ke kwance a kansa kamar hula. Wanda bai sani ba sai ya ga majina ya wuce, wanda ya sani kuwa majinar ce ke tsayar da shi. Da can ana ɗaukarsa mara lahani, yanzu an san shi ma hanya ce zuwa daji. Wani nazari daga lardin Ontario na Kanada a 2009 ya girgiza likitoci, domin ya nuna leƙen da ake yi a can yana rage mutuwa daga dajin sashen hagu, amma na dama bai taɓa shi ba. Sashen dama shi ne mafi nisa, shi ne ya fi ƙin wankuwa, shi ne kuma matattarar shimfiɗaɗɗen tsiro. Don haka ake bukatar likita ya ɗauki hoton ƙuryar hanjin, inda bakin afendis yake da mahaɗar ƙaramin hanji, shaidar lalle ya kai can.

Daga cikin dabarun da aka koyo daga Japan akwai fesa rini. Rinin kuwa ba baƙo ba ne gare mu, domin daga sinadarin shuni aka sarrafa shi, wannan dai da ake rina tufafi da shi a marinar Ƙofar Mata, sai dai na asibiti a masana'anta ake haɗa shi. Hanji ba ya shan rinin, kwanciya yake yi a cikin 'yan kwaruruka, sai gefen tsiron ya fito kamar an zana shi. Yana ƙara gani, amma yana cin lokaci, shi ya sa aka fi ajiye shi ga masu haɗari na musamman, kamar masu daɗaɗɗen gyambon hanji. Kamfanonin na'ura sun kwaikwayi aikinsa da haske: likita ya danna maɓalli, fitilar ta koma shuɗi da kore, launukan da jini ke shanyewa, sai jijiyoyi su yi duhu su fito.

Na'ura da iyakarta

Wasu na'urorin bayan ninki suke nufa. Akwai wata 'yar hula mai yatsun roba da ake sa wa bakin mesa, sunanta Endocuff, wadda ke danne ninki wajen fitowa. A gwajin da aka yi da mutum 1,772 a Ingila, aka buga a 2019, ta ɗaga ma'aunin gani daga kashi 36.2 zuwa 40.9.

Wadda ta fi jan hankali a 'yan shekarun nan ita ce kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira. Ana nuna mata hotunan tsiro masu ɗimbin yawa har ta saba da kamanninsa, sa'an nan a haɗa ta da allon, duk inda ta ga abin da take zargi sai ta kewaye shi da ɗan akwati. Ba ta gajiya, ba ta ƙifta ido, ba ta tunanin layin da ke jira a waje. A birnin Chengdu na ƙasar Sin, a 2019, gwaji da mutum 1,058 ya ba da kashi 29.1 inda aka yi aiki da ita, 20.3 inda babu ita. A Italiya, a 2020, aka samu 54.8 da 40.4. A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba na'urar GI Genius izini, ita ce ta farko a irinta da ta samu a can.

Ban raina wannan ci gaba ba, amma akwai abin lura. Mafi yawan ƙarin da take kawowa a ƙananan tsiro ne. Wani babban gwaji a ƙasar Sifen, da mutum fiye da 3,000, wanda aka buga a 2023, bai ga ta ƙara gano manyan masu haɗari ba. Sa'an nan ita ma abin da ya bayyana a allo kaɗai take gani. Tsiron da ke bayan ninki, ko ƙarƙashin ƙazanta, ita da makaho ɗaya suke a kansa. Watau kuɓucewa ta biyu take magani, ta farko tana nan a hannun likita. Wani rahoto kuma da ya fito daga cibiyoyi huɗu a Foland a 2025 ya ƙara abin dubawa. Likitocin da suka saba aiki da kwamfutar, a ranakun da suka yi leƙe babu ita, ma'auninsu ya sauko daga kashi 28.4 na kafin zuwanta zuwa 22.4. Nazari ɗaya ne, kuma ba irin wanda ake raba mutane da ƙuri'a ba ne, saboda haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Amma duk wanda ya ga yadda lissafin ka ya gudu daga kasuwa tun da kowa ya samu na'urar lissafi a waya, ba zai ce abin ba ya yiwuwa ba. A wurin da wuta ke ɗaukewa, na'ura kuma in ta lalace sai an jira kayan gyara daga waje, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mu fa?

A 1971 Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa ciwon nan da tsironsa ba su da yawa a karkarar Afirka, ya kuma danganta haka ga abinci mai dusa da ganye. Yau likitocin Nijeriya suna ganinsa a asibitocin koyarwa, sau da yawa ga mutanen da ba su kai shekarun takwarorinsu na Turai ba, mafi yawa kuma sai ciwon ya yi nisa suke zuwa. Dalili guda kowa a ɗakin nan ya san shi. Duk jinin da ya biyo bayan gida sunansa basir a wurinmu, maganin basir kuwa ga shi nan a kowace tasha ana tallarsa da lasifika. Basir gaskiya ne, yana kuma da yawa, amma samunsa bai hana a samu wani abu a can samansa ba. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko sauyin bayan gida da ya daɗe, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, musamman ga wanda ya haura 40 ko wanda ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, abu ne na kai wa likita.

A Amurka tun 2021 ana kiran masu lafiya su fara gwaji daga shekara 45. A nan kuwa akasarin waɗanda ake leƙawa masu ciwo ne, na'urorin kaɗan ne, suna manyan birane, kuɗin kuma galibi daga aljihun mutum yake fita. Wannan ya sa kowane leƙe ɗaya ya fi tsada a wurinmu, gama mai yiwuwa shi ne na farko kuma na ƙarshe a rayuwar mutumin. Ban ce a ɗauko kashi 35 na Amurka a ɗora wa likitanmu ba, tun da rahotannin asibitocinmu sun nuna tsiron adinoma bai kai yawan na can ba. Abin da nake cewa shi ne a fara ƙirgawa. Littafin rajista guda ya isa: sunan likita, ko ya kai ƙurya, makin wanki, mintocin fitowa, abin da aka ciro, da abin da ɗakin gwaji ya ce. In an yi shekara ana rubutawa, bambancin da ke tsakanin likitoci biyu masu duba jama'a ɗaya zai fito da kansa, a san wanda za a tura ƙarin horo. Ma'aikacin da takardar sayen sabuwar na'ura ta zo teburinsa yana da ikon ya tambayi wannan littafi kafin ya sa hannu.

Shi ma wanda aka leƙa yana da haƙƙin ya karɓi rahoto a rubuce, ya kuma duba abu uku a ciki: an kai ƙurya, hanjin ya wanku, abin da aka ciro an aika ɗakin gwaji. Ranar komawarsa a kan waɗannan take. Bisa ga ƙa'idar Amurka ta 2020, wanda ba a samu kome ba sai bayan shekara 10. Mai ƙananan tsiron adinoma ɗaya ko biyu, shekara 7 zuwa 10. Mai uku ko huɗu, shekara 3 zuwa 5. Wanda aka cire wa mai santimita 1 ko fiye, shekara 3. Duk waɗannan shekaru an ƙayyade su ne ga leƙen da ya cika sharuɗɗansa. In rahoton ya ce wankin bai yi ba, to, ba a lissafa wannan leƙe, sai a sake shi kafin shekara ta zagayo.